Ranar da Ɗanbala Ya Ajiye Lasifika

Da an sallame sallar asuba a Kafin Giginya, kowa ya san inda Baba Ɗanbala zai nufa. Ba ya tsayawa hirar bakin masallaci, don ba shi da muryar yin ta. Gida zai shiga, matarsa Murja ta miƙo masa ruwan ɗumi da citta da ɗan zuma, ya kurɓa yana yamutsa fuska kamar mai haɗiyar ƙaya. Daga nan sai ya jawo tsohon kekensa, wanda ya ɗaura wa 'yar tutar Najeriya a ƙaho tun tana kore shar har rana ta mayar da ita ruwan toka, ya gangara bakin kogi. Zai hau jingar da aka tara don tare ruwa, ya bi ta a ƙafa har gwiwar kogi, inda ta ɓalle. Ya tsaya, ya duba, ya girgiza kai. Sannan ya hau keke ya nufi duk kasuwar da ke ci ranar, ko Gwaram, ko Sundimina, wani lokaci har Birnin Kudu.

Ba saye ke kai shi ba, ba sayarwa ba. Magana yake kaiwa. Maganar nan kuwa ita ta raba shi da aikinsa, ta raba shi da amininsa, yanzu ga shi ta raba shi da muryarsa.

Wanda bai san shi ba sai yau, ba zai yarda cewa wannan tsohon mai raɗa shi ne mai shelar Kafin Giginya tun yana saurayi ba. Gadon gidansu ne. Mata kan ce in Ɗanbala ya ɗaga murya, kazar da ke kan ƙwai sai ta tashi. Kirarinsa ma gajere ne: gangar gari, a buga ka a Kwandiko a amsa a Sundimina. Shi ya yi shelar rigakafi lokacin da iyaye ke ɓoye 'ya'ya a rumbu. Shi ya yi ta ƙidaya, da ta katin zaɓe, da ta ɗaure dabbobi in shuka ta fito, da ta akuyar da ta ɓace wa tsohuwa. Da zamani ya zo aka sayo wa gari lasifika ta hannu, aka damƙa masa, ya riƙe ta kamar jaririya.

Doka ɗaya mahaifinsa ya bar masa. Mai shela bututu ne, abin da aka zuba shi ke fita. Ba ƙari, ba ragi, ba ra'ayi. Ɗanbala bai taɓa karya ta ba, sai rana ɗaya.

'Yan shekarun baya, ruwan farkon damina ya cinye tsohuwar jinga, ya shiga unguwar Gangare da ke kwari. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Aka kwashe mutanen unguwar zuwa firamaren da ke kan tudu, aka ba wani ɗan kwangila aikin sabuwar jinga. Katafila ta zo ta yi ruri, tifofi suka yi ta kai da kawo, sai kuma aka wayi gari babu su. Ɓangaren da ke bakin titi an jera masa duwatsu, an shafe da siminti, har da fenti kore da fari. Amma can bayan kuka, a gwiwar da ruwa ke dukan ƙasa da ƙarfi, yashi kawai aka tara aka tafi. Wannan ba asiri ba ne. Makiyaya sun gani, mata masu ɗiban ruwa sun gani, mai gari ya gani. Kowa ya ce Allah ya kyauta, ya wuce.

Wata Laraba da hantsi, mota mai baƙin gilashi ta tsaya a ƙofar gidan mai gari Jafaru, aka aika kiran Ɗanbala. Shi da Jafaru tare suka yi kiwo suna yara, a ɗaki ɗaya suka yi jinyar kaciya. Ya tarar da baƙo a zaure cikin farar shadda, waya biyu a hannu, ko takalmi bai cire ba. Wakilin masu aikin jinga ne.

"Baba, kai ne rediyon garin?" in ji baƙon.

"Ni ne. Sai dai ba na cin batir, tuwo nake ci."

Baƙon bai yi dariya ba. Ya ce, "Jibi manya za su zo buɗe jinga. Ka je ka gaya wa mutanen makaranta aiki ya kammala, kowa ya naɗe tabarmarsa ya koma gidansa kafin gobe da yamma. Ba ma son baƙi su zo su tarar da tsummokara a tagogin aji."

Ɗanbala ya juya wajen mai gari. "Ranka ya daɗe, jingar bayan kuka ake nufi, ko wata aka yi ban sani ba?"

Jafaru ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Sai da baƙon ya fita amsa waya sannan ya matso, ya rage murya.

"Don girman Allah, Ɗanbala, kada ka ja mini. Rawanin nan a kaina yake, amma jelarsa tana hannun wasu. Baƙi su zo su tafi, in ya so mutane su koma makarantar."

"Ka yi magana da kogin ya jira su tafi?"

"Kai ɗan aike ne. Ɗan aike ba shi da laifi."

"Haka mahaifina ya ce," in ji Ɗanbala. Ya rataya lasifika ya fita.

Abin da ya faru a filin makaranta, Malam Bahauddeen mai Islamiyyar garin yana wurin, kuma har gobe yana ba da labarin. Ɗanbala ya tsaya a tsakiyar fili, mata suka bar murhu, maza suka taso daga inuwar darbejiya. Ya kunna lasifika.

"Jama'a, mai gari yana gaishe ku! Bayan gaisuwa, ya ce a gaya muku aikin jinga ya kammala! Kowa ya koma gidansa a Gangare kafin gobe da yamma! Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba!"

Wata mata ta rangaɗa guɗa. Mutane sun gaji da kwanan aji, sun gaji da sauro da layin bayan gida. Har an fara watsewa. Sai aka ga Ɗanbala ya kashe lasifika, ya cire hularsa ya shimfiɗa a ƙasa, ya ɗora lasifikar a kai. Ya miƙe, kai ba hula, ya buɗe baki da zallar muryar da Allah ya ba shi.

"Ku dakata! Wancan saƙon mai gari ne, na isar, ban ƙara ba ban rage ba. Lasifika ta gari ce, ga ta nan na ajiye. Wannan maƙogwaron kuwa nawa ne, da shi uwata ta haife ni. Ni Ɗanbala na ce muku ƙarya ce! Ba a gama jinga ba! Yashi ne a bayan kuka, kun gani na gani! Wanda ya mayar da 'ya'yansa Gangare ya kai su bakin kura!"

Ba a taɓa jin mai shela ya ƙaryata shelarsa ba.

Manu ne ya fara magana, wani Bafulatanin manomi mai 'yan shanu, abokin wasan Ɗanbala. "Kai tsoho, yau baki biyu ka zo mana da shi? To wanne za mu ɗauka?"

"Ɗauki wanda zai bar ka da rai, ɗan Fillo."

"Gerona yana can tsuntsaye na biki a kai, shanuna sun rame a filin ƙwallo kamar karan dawa. Hukuma da kanta ta ce an gyara. Kai wa?"

Matarsa Tani, goye da 'yarsu Najiba, ta ja bakin rigarsa. "Baban Najiba, mu ɗan saurara masa mana."

"Ke rabu da shi, tsufa ne ya fara taɓa shi."

Kafin a ankara mota mai baƙin gilashi ta shigo filin da ƙura. Baƙon ya fito yana huci, yana nuna Ɗanbala da waya. "Kun ga irin mutanen da ke hana ƙasar nan ci gaba! Ba ya kishin garinsa, ba ya kishin ƙasarsa. So yake ya kunyata mu a gaban manya!"

Ɗanbala ya dube shi sama da ƙasa. "Yaro, tun ba a haife ka ba nake yi wa ƙasar nan shela. Ta ce a yi allura, na faɗa. Ta ce a ƙirgu, na faɗa. Ta ce a fito zaɓe, na faɗa har muryata ta dushe. Duk abin da ta aiko ni da shi na kai. Yau ɗaya ni ma in aika mata da nawa, sai na zama maƙiyinta? In ɗakin uwarka zai rufta mata, kunyar baƙi za ka ji ka yi shiru?"

Kai ne, Baba Ɗanbala, ka faɗi wannan a gaban mutumin da mai gari kansa ya kasa haɗa ido da shi. Ba ka da ɗan uwa a ofis, ba ka da lauya, ba ka da jam'iyya. Ka san abin da zai biyo baya, kuma ya biyo.

Kafin magariba an zo an karɓe lasifika, an miƙa wa wani. Wancan ya zaga gari yana maimaita saƙon farko, ba ƙari ba ragi. Washegari aka sa wa ajujuwa kwaɗo. Ɗanbala ya hau keke zai je Kwandiko ya roƙi mutanen can su karɓi 'yan uwansu na Gangare, sai wasu ƙarti a kan babura suka tare shi a hanya. Suka tattake keken, suka tura Ɗanbala cikin kwalbati. Ɗaya ya durƙusa a ƙirjinsa ya shaƙe masa wuya yana cewa, "Bari mu ga inda batir ɗin yake." Masu dawowa daga gona ne suka tsince shi.

Duk da haka maganarsa ba ta faɗi ƙasa banza ba. Malam Bahauddeen ya sallami ɗalibai, ya buɗe ɗakunan Islamiyya ya ce duk wanda ya gaskata Ɗanbala ya shigo. Gidaje da dama suka shiga. Wasu suka tafi wajen dangi. Amma fiye da rabi sun ɗora kaya a amalanke sun gangara. Manu na cikinsu, Tani na bin sa a baya tana waiwaye.

Manya suka zo ranar da aka ce. Aka yanka ƙyalle a wajen fenti, aka ɗauki hotuna, aka tafa, aka ci abinci. Ba wanda ya taka zuwa bayan kuka. Kafin la'asar motoci sun tafi.

Sai kuma sama ta yi shiru. Mako ya wuce ba ko yayyafi. Wannan, in ji Murja, ya fi dukan ƙartin nan yi masa ciwo. In ya fito da tsumma ɗaure a wuya, sai a bi shi da tsiya. "Sarkin ruwa, ina ruwan naka?" "Ko ya tsaya shan mai ne a Gwaram?" Wasu daga cikin waɗanda suka fake a Islamiyya suka ji kunya, suka tattara suka koma Gangare. Shi kuwa kullum yana kan jinga, yana kallon kogi kamar mai gadin mahaukaci.

Ranar wata Juma'a, rana tsaka, ko ɗigo bai sauka a garin ba. Ruwan da aka tafka can sama wajen duwatsu ne ya gangaro. Maza sun hau tudu masallaci, a Gangare ba kowa sai mata da yara da tsofaffi. Ɗanbala bai je sahu ba, don tun hantsi ya ga kogin ya canza launi. Yana tsaye yashin bayan kuka ya fara zubewa kamar gari a rariya. Ya zubar da sanda ya ruga cikin unguwa, tsoho da raunin wuya, yana ihu.

"Ruwa! Ku hau tudu! Ku bar kaya! Ruwa!"

Waɗanda suka tsira sun ce ba su taɓa jin murya irin ta ranar ba. Har cikin masallaci aka ji ta, liman ya katse huɗuba. Mata suka fito da yara a kafaɗa, wasu ba ko mayafi. Ya bi lungu-lungu yana dukan ƙyaure, ruwa na bin sa a gwiwa, sannan a ƙugu. Da aka jawo shi kan tudu, ya buɗe baki zai ƙara kira, jini ne ya fito.

Ba kowa ya kai tudu ba. Gidan Manu shi ne na ƙarshe a kwari. Ruwa ya fizge Najiba daga hannun uwarta a bakin ƙofa, ya maka Tani jikin wata ɗorawa, ta rungume reshe. Manu ya taho a guje daga masallaci, ya faɗa ruwan da rigarsa ta Juma'a yana kiran sunan 'yarsa. A wajen Sundimina aka tsinci gawar Manu da ta Najiba, ba nisa da juna. Akwai wata tsohuwa makauniya da ba a samu fito da ita ba. Akwai mai jego da jaririnta. Akwai wasu.

Aka zo ta'aziyya da buhunan shinkafa da tabarmi. Wani mai babbar riga ya tashi ya yi jawabi mai daɗi, ya ce ƙaddara ce, ruwa ba ya shawara da kowa, sai haƙuri. Jama'a suka ce haka ne. Daga can baya aka ji wata murya kamar ana jan buhu a kan tsakuwa.

"Ruwa na Allah ne. Jinga ta mutum ce. Kada ku haɗa su."

Aka yi kamar ba a ji ba. Ba a kama kowa ba, ba a tuhumi kowa ba. Ɗan kwangilar ma an ce ya sami wani aikin a wani wuri. Da ruwa ya janye, mutanen Gangare suka koma suka tayar da bangayensu, don can gonakinsu suke, kuma talaka ba shi da gari biyu. Jinga na nan yadda ruwa ya bar ta. Damunan da suka biyo baya sun zo da sauƙi, shi ya sa har yau ba a sake wanke gawa ba. Sauƙin damina kuwa ba alkawari ba ne.

Tun daga lokacin Ɗanbala ya gyara kekensa, ya mayar da kasuwanni wajen aikinsa, ba wanda ya aike shi. Zai hau benci a layin 'yan hatsi, ya yi sallama, ya ambaci sunayen waɗanda ruwa ya ci ɗaya bayan ɗaya, ya ce jingar Kafin Giginya ba a gyara ta ba, kuma an ce an gyara. Ya roƙi duk mai ɗa a ofis, duk mai zuwa Dutse, duk mai kiran gidan rediyo, ya kai maganar gaba. Wasu su ce Allah sarki. Wasu su ce ya taɓu. Wani ya taɓa jefa masa sadaka, ya tsince ta ya mayar masa. Mai gari Jafaru kuwa, in sun haɗu a jana'iza, sallama ce kawai, sai kowa ya dubi wani wajen.

Murja ta matsa aka kai shi asibiti a Birnin Kudu. Likita ya leƙa maƙogwaron ya ce, "Baba, in ba ka huta da ihun nan ba, muryar za ta tafi gaba ɗaya."

Ya ce, "Likita, in na adana ta, wa zan bar wa gadonta?"

Ta tafi kuwa. A hankali, kamar fitilar da mai ya ƙare mata.

Mu fa duk masu kishin ƙasa ne a teburin mai shayi. Mun iya zagin shugabanni in ba sa kusa, mun iya cewa Najeriya sai addu'a. Amma yashin bayan kuka, gari guda ya gani. Da mutum goma sun tsaya kusa da kai a filin makarantar nan, Baba, da ba a sa wa ajujuwa kwaɗo ba. Kai kaɗai ka tsaya. Malam Bahauddeen ya ce abin da su malamai ke karantarwa a zaune, kai ka karanta shi a tsaye, kai ba hula. Kai ne ka nuna mana cewa son ƙasa ba tafi ba ne. Wani lokaci shi ne ka dubi idonta ka ce ta yi ƙarya, sannan ka kwana a cikinta, ka tashi ka sake faɗa.

Kasuwar Gwaram da ta wuce, ya hau bencinsa kamar kullum. Ya ɗaga hannu, ya buɗe baki. Iska ce kawai ta fito. Ya sake gwadawa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ba komai. Wani mai awo ya ce, "Baba, sauko haka, rediyo ta mutu." Aka yi dariya kaɗan.

Tani tana can gefe, don tun bayan rasuwar Manu daddawa take sayarwa a kasuwar. Ta rufe faifanta, ta gyara mayafi, ta ratso maza har gaban bencin.

"Baba, sunkuyo. Faɗa mini a kunne."

Ya dube ta. Mace ba ta shela, bare a tsakiyar kasuwa. Wata 'yar uwar sana'arta ta kira ta, "Ke Tani, kin haukace ne? Dawo nan!" Ba ta waiwaya ba. Ɗanbala ya sunkuya ya raɗa mata, ta ɗaga kai.

"Jama'a, Ɗanbala yana gaishe ku!"

Muryar siririya ce. Ya raɗa, ta faɗa. Jingar Kafin Giginya ba a gyara ta ba, kuma an ce an gyara. Kasuwa ba ta tsaya ba, ciniki ya ci gaba, masu babura na ta hon. Amma mai awon nan ya ajiye kwanonsa, wani direban bas ya kashe mota ya leƙo. Suka shiga sunaye, yana raɗawa tana ɗagawa, tsohuwa makauniya, mai jego da jaririnta. Da aka zo biyun ƙarshe ya sunkuyo zai raɗa, ta ɗaga masa hannu. Waɗannan ba sai an gaya mata ba.

Mun gode, Baba Ɗanbala. Yaran da ke wasa yau a Gangare, da yawansu ihunka ne ya hau da su tudu, ko sun sani ko ba su sani ba. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya, ya sa abin da ka rasa ya zama shaida gare ka ranar da ba mai iya rufe bakin wani.

Sauranmu kuwa, masu lafiyayyen maƙogwaro, kowa ya san yashin da aka tara a garinsu aka ce masa siminti ne. A asibiti ne, a makaranta ne, a hanya ne, ka gani, maƙwabcinka ya gani. Kada ka jira sai an wanke gawa. Ka faɗa, da sunanka, da rana, a inda za a ji. In kuma ka ga wani ya riga ka tashi, kada ka tsaya kallo daga inuwa, je ka tsaya kusa da shi. Hadari ya fara haɗowa a gabas, kuma Tani ba za ta iya cin kasuwa uku ita kaɗai ba.